Miyar Bitrut Ga Mai Matsalar Ciki: Wa Take Karɓa, Wa Take Wahalarwa?

A 'yan shekarun baya, bitrut, wato jan kayan lambun nan mai kama da dankali, a Kano kayan masu haɗa salak ne. 'Yan ƙwayoyi ake gani a gefen tire, kusa da karas da kabeji da koren wake, sai masu girkin biki ko gidajen abinci su ɗauka. Yanzu kuwa in ka shiga Kasuwar Yankaba ko ta Sabon Gari, ga shi nan an kasa shi kashi-kashi da ƙasar gona a jikinsa, akasarinsa daga Jos, mai kayan yana kiran mai wucewa: "Hajiya, a ɗauki na ƙarin jini." Abin da ya buɗe masa kasuwa bai wuce bidiyoyin TikTok da Facebook da saƙonnin WhatsApp ba, masu cewa yana ƙara jini, yana wanke ciki, yana saukar da hawan jini, wasu ma har da warkar da olsa. Da farko markaɗa shi ake yi a sha, ko a haɗa da zoɓo da abarba. Da masu ciwon ciki suka fara kukan ɗanyen yana damunsu, sai aka ce a dafa shi miya, wai dafaffe ba ya cutar da kowa.

Bakin waɗanda suka gwada bai zo ɗaya ba. Wani ya ce ya sha ya kwana lafiya, bayan gidansa ma ya saki. Wata ta ce kwano ɗaya ta sha, cikinta ya yi tim, ta kwana tana murƙususu. Wani kuma jan fitsarin da ya gani washegari ne ya kai shi asibiti da sassafe. Dukansu gaskiya suka faɗa. Ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, ba miya iri ɗaya suka sha ba, yawan abin da kowa ya sha ma ya bambanta.

Wace miya ake nufi?

Miyar bitrut daga gabashin Turai ta fito, musamman Yukiren da Rasha da Folan, inda aka fi saninta da suna borsh. A watan Yulin 2022 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya al'adar dafa ta a Yukiren cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa. A can bitrut ɗaya ne cikin kayan haɗi masu yawa: kabeji, albasa, tafarnuwa, dankalin Turawa, karas, tumatir, romon nama ko na ƙashi, wani lokaci har da wake. Ana ɗiga ruwan khal ko lemon tsami, domin tsami ne ke riƙe jan launin kada ya koɗe, sannan a ɗora cokalin kirim ɗin madara mai tsami a sama.

Yadda ake cinta ma daban ne. A wurinmu miya mahaɗin tuwo ce ko shinkafa, ludayi ɗaya ko biyu ya isa malmala. Su kuwa kwano ake cikawa a sha da cokali, ruwa da tsaki duka. Girke-girken da ke yawo a intanet irin wannan ne, don haka wanda ya bi su yakan cinye bitrut guda ko fiye a zama ɗaya.

Matan Kano da suka karɓe ta kuma sun mayar da ita irin tamu: a soya albasa a manja ko man gyaɗa, a zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir, a jefa dunƙule, sannan bitrut ya shiga. Saboda haka in mutum ya ce miyar bitrut ta dame shi, tambayar farko ita ce me da me aka sa a tukunyar.

"Cikina ba ya ɗauka": ciwo nawa ne a bayan wannan magana?

A nan garin kusan duk wani zafi ko nauyi da ke tsakanin ƙirji da cibiya sunansa olsa. Likitoci kuwa sun rarrabe su, kuma abincin da ya dace da ɗaya yana iya zama fitina ga ɗayan.

Olsa ta gaske, wato gyambon ciki, rauni ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Manyan abubuwan da ke kawo ta biyu ne. Na farko ƙwayar bakteriya mai suna H. pylori, wadda wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da ciwon a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar ta yi yawa a Najeriya, galibi tun yarinta ake ɗaukarta. Na biyu yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin, waɗanda ake saya a kemis ba takardar likita, masu aikin ƙarfi da masu ciwon gaɓoɓi suna haɗiya kusan kullum. Yaji da zama da yunwa suna tayar da zafin, amma ba su ke haƙa raunin ba.

Ƙwannafi kuma ruwan tumbi ne mai tsami ke haurowa ta bututun abinci, mutum ya ji ƙirjinsa na ci, da gyatsa mai tsami, musamman in ya kwanta bayan cin abinci. Akwai kuma mutane da yawa masu jin nauyi da saurin ƙoshi da zafi a saman ciki, amma in aka zura na'ura aka duba tumbin ba a ganin rauni ko kaɗan. Akasarin masu kukan rashin narkewar abinci a wannan rukunin suke.

Sai lalurar da likitoci ke kira IBS, wadda a hanji take, ba a tumbi ba. Alamunta murɗawar ciki mai zuwa tana dawowa, kumburi, yawan iska, da sauyin bayan gida: wani gudawa, wani tauri, wani kuma yau wannan gobe wancan. Bisa ƙa'idar da likitoci suka fitar a 2016, ana zarginta in ciwon na zuwa aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata 3, yana da alaƙa da bayan gida, kuma ya kai wata 6 da farawa. Hanjin mai IBS ba shi da rauni, sai dai yana da saurin jin motsi. Iskar da wani ba zai ma san tana nan ba, shi azaba ce a gare shi. Mutane da dama masu wannan lalura sun shafe shekaru suna shan maganin olsa a banza.

Abin da ke cikin bitrut

Alƙaluman ma'aikatar gona ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na ɗanyen bitrut kusan giram 88 ruwa ne. Akwai sukari wajen giram 7, faiba, wato zare-zaren da ciki ba ya narkarwa, giram 2.8, kusan babu mai. Fotasiyam ɗinsa miligiram 325 ne, bai yi nisa da na ayaba ba.

Maganar ƙarin jini tana da ƙanshin gaskiya, amma an kambama ta. Sinadarin ayon, wanda rashinsa ne ya fi kawo ƙarancin jini, miligiram 0.8 ne kacal a giram 100. Mace mai shekarun haihuwa tana buƙatar wajen miligiram 18 a rana, mai juna biyu kuma 27. Wadda za ta nemi miligiram 18 daga bitrut kaɗai sai ta ci sama da kilo 2. Alayyahu ya ninka shi wajen uku, hanta da wake kuwa sun bar shi nesa. Jan launin daga wani sinadari ne mai suna betanin, wanda kamfanoni ke rina abinci da shi, kuma ba shi da dangantaka da jini. Inda bitrut ya yi abin a yaba shi ne folet: maikurogiram 109 a giram 100 na ɗanye, wajen rubu'in abin da babba ke buƙata a rana, kuma jiki na amfani da folet wajen ƙera ƙwayoyin jini. Dafuwa tana rage shi.

Maganar hawan jini ta fi ta ƙarin jini tushe. Bitrut na da sinadarin naitret mai yawa, wanda ƙwayoyin da ke cikin baki ke fara sarrafawa, jiki ya ƙarasa mayar da shi abin da ke sassauta jijiyoyin jini. Wani bincike na Jami'ar Queen Mary ta Landan da aka wallafa a 2015 ya ba masu hawan jini ruwan bitrut mililita 250 kullum tsawon mako 4, awon jininsu ya sauka da wajen maki 8 a lambar sama, 4 a ta ƙasa. Ruwan da aka tatsa aka gwada, ba miya ba, kuma ba a ce kowa ya ajiye maganinsa ba.

Mai olsa da mai ƙwannafi

Ga waɗannan, bitrut kansa ba shi da laifi sosai. Ba ya cikin kayan lambu masu tsami, tumatir ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba shi da mai, ba shi da yaji, in ya dahu kuma yana laushi har cokali ya ratsa shi. Miyar da aka yi da bitrut da karas da dankalin Turawa da ɗan gishiri, aka sha da ɗumi, tana cikin abincin da mai gyambon ciki zai iya gwadawa hankali kwance.

Matsalar daga abokan tafiyarsa take zuwa. Ruwan khal da lemon tsami da tumatir na gwangwani suna iya tayar da ƙwannafi. Attaruhu na ƙara zafin rauni ga mutane da yawa. Mai kuwa, ko manja ne ko kitsen nama ko kirim, yana sa abinci ya daɗe a tumbi, kuma daɗewar ce ke ba ruwan tsamin damar haurowa. Haka cika kwano a sha da daddare a kwanta. Shawarar likitoci ita ce a bar sa'a 2 zuwa 3 tsakanin abinci da kwanciya. Wanda ya cire tsamin zai ga miyar ta koɗe zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, musamman in an sa kanwa, amma launi ne ya tafi, miyar ba ta ɓaci ba.

Abin da miyar ba za ta yi ba shi ne warkar da olsa. Babu wani abinci da aka tabbatar yana kashe H. pylori. Maganinta haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne tare da mai rage ruwan tsami irin omeprazole, na kwana 10 zuwa 14. Haɗarin tallan "yana warkar da olsa" shi ne mutum ya samu sauƙi na 'yan kwanaki saboda ya daina cin yaji, ya ɗauka ya warke, raunin kuma yana nan yana ci har ya fara zubar da jini.

Inda gizo ke saƙar: mai kumburin ciki

A 2005 masu bincike na Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostareliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, suka fito da sunan FODMAP ga wani rukunin sukari da dangoginsa da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa yadda ya kamata. Wasunsu suna janyo ruwa zuwa cikin hanji, sannan in suka isa babban hanji ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can su far musu, su ruɓar da su, iska ta fita. Kamar ƙullin waina ne da aka sa wa yis aka rufe, a dawo a tarar ya taso ya cika roba. Wannan yana faruwa a cikin kowa, kuma ga mai lafiya alheri ne, domin abincin ƙwayoyin hanji masu amfani ke nan. Ga mai IBS kuwa shi ne kumburin, shi ne murɗawar.

Bitrut na ɗauke da iri biyu daga cikinsu: furuktan, wanda shi ne ke cikin albasa da tafarnuwa da alkama, da kuma irin wanda ke cikin wake. Gwajin Monash ya nuna cewa abin da mai IBS zai ci ba tare da fargaba ba bai wuce yanka biyu sirara ba, wajen giram 20 zuwa 25. Matsakaicin bitrut guda yana kai giram 80. Ke nan kwanon da aka markaɗa guda ɗaya a ciki ya ninka iyakar sau uku ko fiye.

A nan ne maganar "dafaffe ba ya cutar da kowa" ta rushe. Wuta tana tausasa faiba, amma ba ta kashe furuktan. Abin da ke faruwa shi ne furuktan yana narkewa a ruwa, ya fita daga jikin bitrut ya shiga romo. Shi ya sa a gwajin Monash bitrut na gwangwani da wanda aka jiƙa a ruwan khal suka fi ɗanye sauƙi, domin ruwan da ya kwashe sinadarin zubar da shi ake yi. A miya kuwa wannan ruwan shi ne ainihin abin sha. Don haka ga mai IBS, miya na cikin hanyoyin cin bitrut mafi nauyi, ko da kuwa a baki ta fi kowacce laushi.

Albasa ma haka take, kuma ta fi bitrut furuktan. Uwargida za ta ce, "Ai na tsame masa albasar kafin in zuba." Ta tsame ɓawon ne kawai, abin da ke kumbura cikin ya riga ya bi ruwa. A mai kuwa furuktan ba ya narkewa. In aka soya manyan yankan albasa ko tafarnuwa a mai, aka tsame su tas kafin a zuba ruwa ko wani abu mai ruwa, ƙanshin ya zauna a man, sinadarin ya fita da su. Lawashi, wato koren ganyen albasa ban da farin gindin, shi ma yana ba da ɗanɗano ba tare da wannan nauyin ba. Wasu dunƙule da garin kayan ƙanshi na leda suna da garin albasa da tafarnuwa a ciki, sai an duba rubutun jikinsu.

Sannan nauyin taruwa yake yi. Mutum ya karya da ƙosai da biredi, da rana ya ci gurasa ko taliya, da la'asar ya sha mangwaro ko kankana, da dare ya rufe da miyar bitrut mai albasa da kabeji, kowanne ya zuba nasa kason. Da cikin ya tashi, sai a ɗora wa baƙon abincin laifi shi kaɗai. A watan azumi abin ya fi fitowa fili, lokacin da duk waɗannan ke haɗuwa a faranti ɗaya bayan an sha ruwa. Kirim ko madarar da ake ɗorawa a sama wata ƙofa ce: manya da yawa a Afirka ta Yamma ba sa narkar da sukarin madara sosai, ko da yake Fulani makiyaya sun fi sauran jurewa. Kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi saboda tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Masana ba su haɗu a kan yadda za a yi da wannan ilimi ba. Masu goyon bayan tsarin rage FODMAP suna kafa hujja da cewa kusan uku cikin huɗu na masu IBS suna samun sauƙi da shi. Masu taka-tsantsan kuma suna cewa tsarin yana da wahalar bi, yana rage abincin ƙwayoyin hanji masu amfani, kuma yana iya jefa mutum cikin tsoron abinci har ya rame. Suna ganin a fara da abubuwa masu sauƙi: cin abinci a kan lokaci, rage mai da yaji da lemon kwalba mai gas, daina cika ciki. Su kansu mutanen Monash ba su ce a dawwama a kai ba. Mako 2 zuwa 6 ake yi ana ragewa, sannan a riƙa dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ke tayar da ciwon da kuma adadin da jiki zai ɗauka. A gidan da tukunya ɗaya ake yi wa mutum goma, kuma wake ne naman talaka, hujjar masu taka-tsantsan tana da nauyi ƙwarai. Hana mutum wake da alkama da albasa gaba ɗaya ba tare da jagorancin masanin abinci ba ya fi kusa da cutarwa.

Taurin bayan gida da gudawa

Mai fama da taurin bayan gida yana cikin waɗanda miyar za ta iya yi wa rana, saboda faiba da ruwan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, wanda abincinsa farar shinkafa da biredi da taliya ne kuwa da wuya ya kai. A fara da kaɗan, a ƙara shan ruwa. Mai gudawa ya dakata har cikin ya tsaya. Abin da yake buƙata ruwan gishiri da sukari ne na ORS da abinci mai sauƙi irin kunu da shinkafa. Wanda aka yi wa aikin hanji ya bi abin da likitansa ya tsara.

Jan fitsari da jan bayan gida

Kusan mutum 10 zuwa 14 cikin 100 fitsarinsu yana yin ja ko ruwan hoda bayan cin bitrut, kuma an fi ganin haka ga masu ƙarancin ayon. Bayan gida ma yakan yi ja. Rinin ne ya wuce ba a narkar da shi ba, ba ya cutarwa, cikin kwana ɗaya ko biyu yake ɓacewa.

Sai dai a Kano wannan yana buƙatar lura ta musamman. Tsargiya tana nan a yankunan noman rani da wuraren da yara ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, kuma babbar alamarta jini ne a fitsari, galibi a ƙarshensa. Basir ma yana zubar da jan jini. Gidan da aka saba shan bitrut kullum zai iya ɗaukar jinin gaske a matsayin rini. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a daina ci kwana 3, in jan bai tafi ba a kai fitsari ko bayan gida gwaji. Jinin olsa kuwa ba ja yake fitowa ba a mafi yawan lokuta. Bayan gida ne baƙi ƙirin, mai danƙo da wari mai tsanani, kuma wannan ba a kwana da shi a gida.

Waɗanda matsalarsu ta wuce ciki

Bitrut, musamman ganyensa, yana da sinadarin okzalet mai yawa, kuma akasarin tsakuwar ƙoda daga haɗuwar okzalet da kalsiyam take samuwa. A garin da zafin watan Afrilu ke haura maki 40, mutane na zufa fitsari yana kauri, wanda ya taɓa yin tsakuwa ya kamata ya rage bitrut sosai, ya yawaita ruwa. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi ayaba saboda fotasiyam, hanin ya shafi bitrut. Mai shan maganin hawan jini ya sanar da likitansa in zai mayar da shi abin kullum, kada jinin ya sauka fiye da kima ya riƙa jin jiri. Mai ciwon suga zai iya cin 'yan yanka a cikin abinci, amma ruwan da aka tatsa aka haɗa da abarba da sukari wani abu ne daban.

Akwai kuma ajiya. Miya mai naitret in ta wuni a zafi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki, suna kuma mayar da naitret ɗin zuwa naitrait, wanda ke da haɗari ga jarirai domin yana hana jininsu ɗaukar iska. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 dama nono kaɗai ake ba shi. Ga sauran yara ƙanana, a ba su wadda aka sauke yanzu. Da yanayin wutar lantarki yadda yake, firij ba abin dogaro ba ne, gara a dafa daidai wadda za a shanye.

A tukunyar gida

Wanda ke son gwadawa ya zaɓi lokacin da cikinsa ke kwance, ba ranar da ya tashi ba. A bar karas da dankalin Turawa su zama jikin miyar, bitrut ya zama ɗan ƙari, sulusin guda ɗaya ga kwanon mutum ɗaya. Mai saurin kumburi ya fere shi, ya yanka ƙanana, ya tafasa daban, ya zubar da ruwan farko, sannan ya haɗa da sauran. Wannan yana rage furuktan da okzalet da fotasiyam, ba ya kawar da su duka, kuma wani ɓangare na folet da naitret da launi zai bi ruwan. Kowa sai ya duba wanne ya fi buƙata. Lawashi da ɗan citta sun isa ƙanshi, mai cokali ɗaya, gishiri kaɗan. A ci da rana tare da shinkafa ko tuwo, kada a haɗa da wake ko kabeji ko madara a wannan yinin, sannan a saurari cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin kumburin hanji ba nan take yake zuwa ba. In lafiya, a ƙara kaɗan a wani karon. In ya tashi a ɗan wannan adadin, a bar shi. Babu wani sinadarin da jiki ke buƙata a bitrut da ba a samu a wasu kayan lambu irin su alayyahu da zogale da karas.

Akwai alamun da ba a gwada musu miya: rama ba dalili, amai da jini, baƙin bayan gida, wahalar haɗiye abinci, ƙarancin jini, ciwon da ke tayar da mutum daga barci, ko ciwon cikin da ya fara sabo bayan an haura shekara 50. Kumburi da gudawa mai daɗewa kuma a nan yankin sau da yawa tsutsar ciki ce ko wasu ƙwayoyin da ake ɗauka a ruwan sha, gwajin bayan gida ke nuna su. Manyan asibitocin gari irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da likitocin ciki da masana abinci, ana kuma gano H. pylori ta gwajin bayan gida ko na numfashi ko ta zura na'ura a tumbi. Wanda ke shan omeprazole ya faɗa wa likita tun kafin gwajin, domin galibi ana dakatar da shi mako 2, in ba haka ba sakamakon zai iya nuna babu ƙwayar alhali tana nan.